An Hana Malam Attahiru Dariya

Haliru yana cikin zare memori daga kwamfuta sai Malam Isa, malamin firamare, ya ɗora yatsa a kan wani hoto na fim da ke manne a ƙofar shagonsa. Wani Bature ne a hoton, sanye da baƙar kwat da baƙin tabarau, ya ɗaga bindiga kusa da kunnensa.

"Wanga fa, Haliru? Ya cancanci kallo, ko ɓata lokaci na?"

Duk duniya babu tambayar da Haliru yake so kamar wannan. Shekara shida ke nan yana tura wa mutanen Bodinga finafinai a waya, kuma sunan da ya yi a kasuwa shi ne in ya ce fim ya yi, to ya yi. Ya rage ƙarar sifika, ya gyara zama.

"Malam, wanga na manya na. Leƙen asiri tsantsa, kuma an yi mai fassarar Hausa. Babu rawa, babu waƙa, babu wasa. Har fim ɗin ya ƙare mutumin ga bai ko murmusa ba."

Keken ɗinkin da ke shagon kusa ya tsaya cak. Ɗanmalam tela ya leƙo, tef rataye a wuyansa, tun bai fara magana ba kafaɗunsa suke rawa.

"Gaskiya ta, bai murmusa ba. Mu munka yi mai dariyar. Ni da mai ɗakina munka kalle shi jiya bayan la'asar, har yanzu cikina ciwo shikai. Mutumin ga kwana ukku shina bin wani a ɓoye, ashe shugaban wurin aikinsu na shika bi. Anka ba shi agogo mai bam, yag ga shina ƙirga baya-baya, yak kai ma mai gyara. Akwai inda yaj jefa igiya yah hau katanga, ya sha wuya ya sha wuya, ga ƙofa nan buɗe kusa da shi mutane na shiga suna hita."

Malam Isa ya janye yatsarsa daga hoton. "To ke nan shashanci na."

"Ba shashanci ba na, Malam, tsokana ta. Duk abin da 'yan leƙen asirin fim suka yi suna hura hanci, shi anka ɗauko anka yi ma dariya. In ka taɓa kallon na gaskiyar, wanga sai ya kada kai ƙasa."

"Ni dai ban ga amfanin babba da gemunai shi zauna awa biyu kallon wawa ba."

Su biyun suka juyo wurin Haliru, ya yi musu alƙalanci. Alƙali ya yi tsuru-tsuru, memori a hannu.

Gaskiyar da babu wanda ya sani a kasuwar ita ce Haliru ba ya kallon fim. Ina lokacin? In sabon fim ya zo, sai ya kashe muryarsa saboda sifikar shago tana aiki, ya riƙa jan shi gaba: ya leƙa farko, ya leƙa tsakiya, ya leƙa ƙarshe. Minti uku ya gama. In ya ga furanni da ruwan sama, na soyayya ne. In ya ga kwat da bindiga da mota tana cin wuta, na manya ne. Shekara shida dabarar nan ba ta taɓa ba shi kunya ba sai yau.

Kunyar kasuwa kuwa mai sauƙi ce, zuwa jibi an manta. Abin da ya sa gabansa ya faɗi shi ne tun da sassafe ya ba wani ɗan kabu-kabu memori ya kai Dandin Mahe, gidan surukinsa, kuma wannan fim ɗin ne kaɗai a ciki.

Surukin nasa, Malam Attahiru, manomin gero da albasa ne, mutumin da ba a ganin haƙoransa sai in yana asuwaki. Shekara huɗu da auren Haliru da 'yarsa Safinatu, maganar da ta taɓa haɗa su ba ta wuce gaisuwa ba. Ba ƙinsa yake yi ba. Kawai dai a wurinsa abin da ba a yin gumi a kansa ba sana'a ba ce. Duk zuwan da Safinatu ta yi gida sai ya tambayi uwarta a gabanta, "Har yanzu mijin yarinyar ga bai samu aiki ba?" Safinatu takan dawo ta ba da labari tana dariya, Haliru ya taya ta, amma maganar tana ci masa rai ƙwarai.

Kwana tara da suka wuce san huɗar Malam Attahiru ya tunkuye shi a turke, haƙarƙari biyu suka tsage. Mai ɗori ya zo ya ɗaure shi da rawani, ya kafa doka uku: kada ya ɗaga kaya, kada ya kwanta ta gefen dama, kada ya yi dariya. Da aka zo kan ta uku mutanen gida suka ce wannan kam ba sai an faɗa ba. To kwanciya ta ishi dattijo, rediyo ma ya ishe shi. Sai ga saƙo ya fito daga bakinsa zuwa Inna, matarsa, daga Inna zuwa Safinatu, daga Safinatu zuwa Haliru: babbar wayar nan da ɗansa ya aiko masa daga Legas, a sa masa fim a ciki, na masu hankali, irin na leƙen asirin gwamnatoci da yake ji a rediyo, ban da wasan banza. Shi ne karo na farko da ya nemi wani abu a wurin Haliru. Haliru kuwa ya duba, ya zaɓo wanda kwat ɗinsa ta fi baƙi.

Ya bar Malam Isa da tela nan tsaye. Ya tura wani fim a sabon memori, ya ja ƙofar shago, ya hau babur.

Ya tarar da Safinatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ya zayyana mata komai a tsaye. Ta ajiye rariya, ta goge hannu a zani, ta kira wayar mahaifinta. Sau uku tana kira, sau uku ana katsewa.

"Baba bai taɓa katse man kira ba," ta ce. "Kallo shikai."

"Kira Inna."

"Wayar Inna tana wurin caji tun jiya."

Haliru ya dafe kai. Ya hango mai ɗori yana kwance rawani yana girgiza kai, ya hango mutanen Dandin Mahe suna nuna shi da baki: ga wanda ya ƙarasa abin da sa ya fara. Ya nuna mata sabon memorin.

"Zan tahi in musanya. In bi ta bayan gida in kira Inna, ta amso wayar da sunan caji, in sa wanga, shi ke nan. Ba ya ma san na zo ba."

"Wanga ɗin ka kalle shi?"

Haliru ya shiga neman makullin babur, alhali yana hannunsa. Safinatu ta dube shi irin duban matar da ta daɗe da sanin abu tana jiran ranarsa.

"Ka shiga ta ƙofa ka gaya mai gaskiya, Maigida."

"In ce mi? In ce ni da ba ni da aiki, ɗan abin da nika yi ɗin ma ban iya ba?"

Ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta miƙo masa tabarau saboda ƙwarin hanya, ta ce Allah ya kiyaye.

Damina ta zauna, gero ya kai ƙugu dama da hagu a titin Shagari. Haliru bai ga ko ɗaya ba, sai ƙara wuta yake yi yana lissafin awa nawa memorin ya yi da isa. Wataƙila dattijon ya tsaya karyawa. Wataƙila baƙi sun zo dubiya. Sai ya tuna kiran nan uku da aka katse, ya ƙara murɗa hannun babur.

Da ya hango rumbunan bakin gari ya kashe inji, ya jingine babur a gindin wata bishiyar darbejiya, ya ja hula ta sauko goshi. Tabarau yana nan a fuskarsa. A ransa ya tsara komai: lungu biyu, sai bayan gidan.

Abin da ya manta shi ne wanda ya auri 'yar gari ba ya wuce dattijon garin a tsaye. Bai yi taku ashirin ba ya ci karo da ƙanen Malam Attahiru yana zaune yana tufkar igiya. Dole ya cire takalmi ya durƙusa.

"A'a, mijin Safinatu. Sannu da zuwa. Ina mutanen Bodinga? Ina ruwa? Ina ɗiyar tamu? Ciwon ido kakai?"

"Lahiya lau, Baba. Ƙwari na ga hanya."

"Madalla. Ka zo duba surukinka ke nan. Shiga, shina nan."

Ya miƙe, ya sha kwana, sai ga liman da mutum uku a ƙofar masallaci. Ya sake durƙusawa, aka yi gaisuwa mutum-mutum, aka yi addu'ar samun sauƙi, ya shafa. Gaba kaɗan wata tsohuwa da ta yi wa Safinatu wankan jego ta tare shi, ta ce sai ya tsaya ta ɗauko kuka da daddawa ya kai mata. Kafin ya isa lungu na biyu ya durƙusa sau bakwai, gwiwoyin wandonsa sun yi jawur da laka, yana rungume da ƙullin daddawa, kuma babu wanda bai san mijin Safinatu ya shigo gari ba. Kowa ya nuna masa ƙofar gidan, kamar bai san ta ba.

Duk da haka ya zagaya baya. Taurin kai ne ko tsoro, shi kansa bai sani ba. Bayan gidan darni ne na kara, damina ta jiƙa shi ya yi laushi. Ya matsa, ya kara baki a wata kafa, ya yi ƙasa da murya.

"Inna. Inna."

Inna ba ta amsa ba. Wanda ya amsa yana bayansa. Wani huci mai ɗumi ya sauka a ƙeyarsa, ya waiwaya, sai ga san huɗa a tsaye, ƙaho ɗaya ɗan karkace, igiyarsa doguwa. Shi ne dai wanda ya kwantar da maigidan. San bai yi komai ba, daddawa kawai yake shinshina. Amma Haliru bai tsaya jin bayani ba, ya yi tsalle ya kama darni, darni ya ce bai san zancen ba, suka tafi tare zuwa cikin gida.

Da ya ɗago, kara a wuya, tabarau ya karkace, sai ya ga tabarma a inuwar bishiyar mangwaro, taku biyar daga inda ya faɗo. Malam Attahiru ne a kishingiɗe, ɗaure da rawani a ƙirji, waya a hannu ɗaya, filo a ɗayan. Zafin ɗaki ne ya koro shi waje.

Dattijon ya dubi Haliru. Ya dubi darnin da ya kwanta. Ya juya ya dubi ƙofar zaure, wadda take buɗe wangwam, kaji na shiga suna fita. Sai ya kife wayar, ya danna filo a haƙarƙarinsa da hannu biyu, fuskarsa ta yamutse, wani irin sauti ya fara fita ta hancinsa.

Inna ta fito da gudu daga madafa. "Malam, ka bari. Mai ɗori ya hana. Tun da hantsi haka kakai."

"Wayyo haƙarƙarina," in ji Malam Attahiru, hawaye na bin gemunsa. "Wayyo. Ku kau da shi daga gabana. A'a, ku bar shi."

Haliru ya cire tabarau, ya cire takalmi, ya durƙusa nesa da tabarma, kai a ƙasa. Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya jira har numfashin dattijon ya daidaita, sannan ya yi gaisuwa, ya tambayi jiki.

"Da sauƙi," in ji Malam Attahiru. "Da sauƙi ƙwarai, kahin ka hwaɗo." Ya goge ido da bakin riga. "Mi yak kawo ka ta turke?"

Haliru ya riga ya shirya ƙarya tun a hanya, har guda biyu. Ya duba, ya ga babu wadda za ta iya tsallake darnin nan.

"Baba, na zo amsar fim ɗin na. Ban san na dariya ba na. Kun ce na masu hankali, kuma an hana ku dariya."

"Ka kalle shi kahin ka aiko?"

Inna ta koma madafa, don kada ta ji amsar surukinta.

"A'a, Baba. Leƙawa nay yi."

"Na sani. Da ka kalla, tsoro bai barinka aikowa. Da ka turo man wani mai ɗaure fuska irina, in yi barci." Ya ɗan gyara kwanciya a hankali, yana cije leɓe. "Da farko raina ya ɓaci. Nac ce yaron ga ya raina ni. Sai nag ga mutumin ga ya zauna cikin mota cike da mutane shina karanta takardar sirri da ƙarfi, don bai iya karatu a zuci ba. Nan na san na san shi."

Haliru ya ɗan ɗago.

"Shekarun baya an taɓa turo wani mai aikin asiri kasuwar Shagari. Da baƙin tabarau, kamar naka. Kahin azahar babu wanda bai san shi ba. Mata na dama hura suna cewa a kai ma mai asiri, baƙo na. Wata ukku yay yi, abin da yag gano bai wuce inda aka saida hura mai kyau ba. Waɗanda nika ji ga rediyo, masu sanin komi, ban taɓa ganin ko guda ba. Wanga ko na gane shi da idona. Yau ma na sake ganin wani."

Filo ya koma haƙarƙari. Haliru ya jira guguwar ta wuce, sannan ya zaro sabon memorin ya miƙa da hannu biyu.

"Ga wani na kawo, Baba. Wanga babu dariya."

"Shi ka kalla?"

"A'a, Baba."

"Mai da shi aljihu."

Ya mayar. Muryar Baturen kuwa tana ta zuba da Hausa daga wayar da ke kife a tabarma. Malam Attahiru ya nuna ta da haɓa.

"Ka ji matsalata. In dariya ta taso ban san inda aka tsai da shi ba. Sai in kihe shi, shi ko shi ci gaba da magana, in ɗago ya wuce ni. Rabin abin duk ban gani ba. Hannuna kuma in na daɗe riƙe da waya sai gehen ga shi amsa. Innarku ta ce ba ta taya ni karya dokar mai ɗori." Ya dubi Haliru kai tsaye, abin da bai taɓa yi ba. "Kai ka san inda aka tsai da shi?"

"Na sani, Baba."

"To mai da shi farko. Ka riƙe. In na ɗaga yatsa ka tsai da shi har in huta."

Haliru ya karɓi wayar, ya zauna a ƙasa, ya miƙa hannu iya tsawonsa don kada ya kusanci tabarmar surukinsa.

"Daga can ni zan gani ko san huɗa? Matso."

Ya matso har gwiwarsa ta taɓa bakin tabarma. Fim ya fara. Mutumin da ya shekara shida yana jan finafinai gaba da gudu, yau shi ne mai tsayarwa, kowane minti biyar, wani lokaci a ce ya ɗan mayar baya. Karo na farko ya saurari maganar Baturen nan da kyau, ya ga yadda yake ɗaure fuska yana tafka wauta yana kuma ganin kansa gwani. Da aka zo kan agogo, Haliru ya cije leɓe, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka shiga rawa, hoton ma ya shiga rawa. Dariya a gaban suruki ba ƙaramin abu ba ne.

"Kai ba a hana ka ba," in ji dattijon ba tare da ya dube shi ba. "Yi taka, amma ka riƙe waya daidai."

Inna ta kawo fura ta ajiye tana ƙunƙuni a kan mai ɗori da darni. Malam Attahiru, wanda kwana tara sai an yi da gaske yake kurɓa biyu, ya shanye kwanon bai lura ba. Ta ɗauki kwanon ta duba cikinsa, ta koma madafa, ƙunƙuni ya ƙare.

Ana cikin haka hoton ya ɗauke, waya ta fara ƙara, sunan Safinatu ya fito. Haliru ya miƙa wa mai waya. Wannan karon bai katse ba.

"Lahiya lau. Da sauƙi. I, ya iso. Ta bayan gida yab biyo." Ya saurara kaɗan. "A'a, ba yanzu ba. Ki bari sai bayan la'asar. Aiki shikai."

Ya miƙo wayar. Haliru ya karɓa da hannu biyu, ya tsaya yana kallonta, ya kasa gane inda ake dannawa, shi da ya fi kowa sani a Bodinga. Daɗi ne ya cika shi. Ya murza ido da bayan hannu kamar kara ne ya shiga.

Malam Attahiru ya gyara filonsa. "Ina munka tsaya?"

"Inda yaj jefa igiya, Baba."

"To, sake shi."